Kundin Teburin Ɗuri: Haɗa Harsashin 9mm na Gasa

4 ga Fabrairu

Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa rubuta yadda aikin haɗa harsashin gasa yake tafiya, tun daga tsintar kwanso, wato ɓawon tagullar da bindiga ke fitarwa bayan harbi, har ranar da alƙalai za su gwada shi a na'urar auna gudu. Bindigar ta hannu ce mai cin 9×19, rukunin da nake harbi kuma shi ne Production a tsarin IPSC, ƙungiyar duniya mai tsara irin wannan gasar harbi. Abin da nake nema harsashi ne mai sauƙin shuri, wanda ba ya maƙalewa, wanda kuma zai haye ma'aunin ƙarfi ko da an wayi gari da sanyi.

Ma'aunin ƙarfin nan shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Da aka kafa IPSC a 1976 a garin Columbia na jihar Missouri ta Amurka, ƙarƙashin shugabancin Jeff Cooper, an gina wasan a kan abu uku: daidaito, ƙarfi da sauri. An sa ƙarfi a ciki ne don kada wani ya zo da harsashi mai laushi ainun ya tsere wa masu fama da shurin harsashi na sosai. Lissafin ba wuya: nauyin ƙwayar harsashi a giren, sau gudunta a ƙafa cikin daƙiƙa, a raba da dubu. Giren ɗaya kashi ɗaya ne cikin 7,000 na laba, wato miligiram 64.8. Ƙaramin aji yana farawa daga 125. Wasu rukunan suna da babban aji, inda harbin da ya kauce wa tsakiya yake samun ƙarin maki, amma a Production kowa a ƙaramin aji ake lissafa shi: maki 5 a yankin A na tsakiyar allon harbi, 3 a C, 1 a D. Ke nan duk ƙarfin da ya ɗara 125 ba ya ƙara maka maki ko ɗaya, shuri kawai yake ƙara maka. Wanda kuma ya gaza 125 zai iya ci gaba da harbi, amma makinsa ba zai shiga sakamako ba. Tsakanin waɗannan biyun ake neman wurin tsayawa.

Harsashin kanti yawanci yana sama da abin da ake buƙata, kuma kowane kamfani da irin shurinsa. Wannan ne ya fi jan mutane zuwa ɗuri, wato mutum ya haɗa harsashinsa da kansa, tare da yawan harsashin da atisaye ke ci.

Kafin a sayi ko da giram ɗaya na garin albarushi akwai maganar doka, kuma ƙasa ƙasa ce. A Amurka mai ɗura wa kansa ba ya buƙatar lasisin tarayya sai in zai sayar. A Jamus sai mutum ya yi kwas, ya ci jarrabawa, ya karɓi izini ƙarƙashin sashe na 27 na dokar abubuwan fashewa. Akwai ƙasashen da ba a yarda ba sam. Takarduna a cike suke, kuma duk abin da zan rubuta nan na wanda nasa suke a cike ne.

11 ga Fabrairu

Makon nan kaf a kan tantance kwanso ya ƙare, kuma ina ganin nan ne rabin ingancin harsashi yake, ko da yake shi ne sashen da ba a cika son magana a kai ba.

Kwansayen tsinto na filin harbi gauraye suke zuwa. Na fara da mayen ƙarfe, ya ɗebe na baƙin ƙarfe, har da waɗanda aka yi musu rufin tagulla a waje da ido ba ya rabe su. Na alminiyum launinsu ke tona su, su ma gefe. Daga nan sai aikin ido da hannu.

Abokan rikici na farko su ne 'yan'uwan 9mm masu kama da shi. Kwanson 9×19 tsawonsa milimita 19.15. Na .380 ACP bai wuce 17.3 ba, na Makarov kuwa 18.1, ga kuma 9×21 da ya ɗara su duka. A cikin bokiti duk ɗaya suke a ido. Na .380 in ya shiga inji za ka ji hannun injin ya sauka sakayau ba turjiya, amma na Makarov yakan wuce ba a ji ba. Hanyar da ta fi min ita ce in jera su tsaye a kan faifan gilashi in sunkuya in hango bakunansu a layi ɗaya. Gajere da dogo nan take suke fitowa.

Na biyu, kwanso mai faraima irin ta Berdan. Faraima ita ce 'yar hular da ke gindin kwanso, wadda allurar bindiga ke buga wa ta tada wuta. Iri biyu ne tun shekarun 1860. Ta Edward Boxer, Bature ɗan Ingila, tana da rami ɗaya a tsakiyar gindin kwanso, don haka allurar inji ke turo tsohuwar faraima waje cikin sauƙi. Ta Hiram Berdan, Ba'amurke, ramukanta ƙanana ne a gefe, tsakiyar kuwa toshe take. Allurar inji in ta sauka a kan wannan, karyewa take yi. Fitilar hannu da leƙa cikin kowane kwanson da ban san tambarinsa ba su ne maganin.

Na uku, kwansayen soja. Su ana danne bakin ramin faraimar ne don kada ta fice a bindiga mai sarrafa kanta. Tsohuwar za ta fita, amma sabuwa ba za ta shiga ba sai an gyara bakin ramin, kuma tilasta mata shiga hanya ce ta fasa faraima a kan inji. Na ware su a gwangwani daban, sai na samu sarari.

Na huɗu su ne suka fi ba ni tsoro: kwansaye masu mataki a ciki, inda bangon ya yi kauri daga ƙasa sannan ya sirance kwatsam. Cikinsu ya fi ƙunci, don haka matsin wuta ya fi yawa da gari iri ɗaya, kuma an san su da tsinkewa daidai wurin matakin, rabi ya fito rabi ya zauna a mazaunin harsashi. A tsakiyar gasa wannan ya gama da kai a wannan zangon. Duk wanda na gani, shara.

Abin da ya rage na raba shi biyu. Masu tambari ɗaya na gasa ne, gaurayen kuma na atisaye.

17 ga Fabrairu

Wanki. Na zaɓi na ruwa, a ganga mai juyawa da ƙananan allurai na ƙarfen da ba ya tsatsa, ba don ƙyalli ba. Yawancin faraima da sinadarin dalma ake haɗa su, kuma tokarsa tana zaune a cikin kowane kwanson da aka harba. Injin goge na busasshen ɓawo yana tayar da wannan toka ta zama ƙura a ɗaki, mutum ya shaƙa. Ruwa yana riƙe ta. Safar hannu, ba ci ba sha a wurin, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa komai a gida, kuma duk mai harbi da ɗuri a kai a kai ya kamata ya riƙa gwajin dalma a jini. Na ɗauki wannan da muhimmanci ƙwarai, musamman inda akwai yara, domin su dalma ta fi yi wa illa.

Abu biyu na lura: kwanson .40 ko guda ɗaya ne ya ɓuya, sai ya haɗiye na 9mm su manne. Kuma kwanso sai ya bushe ƙarau har cikin ramin faraima, domin ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya kashe harsashi.

2 ga Maris

Ƙwaya. Da giren 115 sai gudu ya kai ƙafa 1,087 kafin a taɓa 125. Da 124 ana buƙatar 1,009. Da 147 kuwa 851 ya isa. A takarda duka ukun ƙarfinsu ɗaya, amma a hannu ba haka ba ne. Mai nauyi tana buƙatar gari kaɗan, iskar da ke fita a bakin bindiga kaɗan ce, sai shurin ya zo kamar turi maimakon fizga. Akwai gwanaye da yawa da suka fi son 124 saboda marfin bindiga, wato ɓangaren sama da ke ja baya ya dawo a kowane harbi, yana dawowa da sauri, saiti ya zauna da wuri. Ba na musu da su, wannan magana ce ta hannu da ido. Ni dai 147 na ɗauka, ta dalma mai rufin roba, mai faɗin inci 0.356, wato ta ɗan ɗara mai rigar jan ƙarfe da ke 0.355.

Sai tsawon harsashi, inda gizo ke saƙa. Iyakar da aka ƙayyade wa 9mm milimita 29.69 ce, amma wannan iyaka ce kawai. Kowace bindiga da tsawon maƙogwaronta, wato tazarar da ke tsakanin bakin kwanso da inda tsagar cikin bututu ta fara, kowace ƙwaya kuma da siffar kafaɗarta. Bindigata gajeren maƙogwaro gare ta. Na cire bututun, na haɗa harsashin gwaji ba gari ba faraima, ina jefa shi a mazauni ina rage tsawo kaɗan kaɗan. Alamar dacewa ita ce ya faɗa da kansa ya yi ƙara ƙwas, ya juya da yatsa ba tare da ya kama ba, in an kifa bututun ya faɗo. Da na sami wurin sai na ƙara ragewa kaɗan saboda ƙwayoyi ba sa zuwa daidai wa daida.

Tsawon da na samu ya gaza na jadawalin kamfanin gari, wanda ke nuna awon gari da tsawon harsashin da suka gwada, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. Cikin kwanson 9mm ƙarami ne, ƙwayar 147 kuma doguwa ce, ta riga ta cinye wuri. Duk ɗan abin da ta ƙara nutsewa yana matse wurin da gari zai ƙone, matsi ya haura da sauri. Iyakar matsin da hukumar ƙa'idojin harsashi ta Amurka, SAAMI, ta sa psi 35,000 ce, ta takwararta CIP ta Turai kuma bar 2,350, kuma babu mai na'urar auna wannan a gida. Saboda haka zan fara daga ƙasan jadawali sosai.

Ɗame baki ma na daidaita shi yau. Shi 9mm da bakin kwanso yake tsayawa a mazauni, don haka ba a lanƙwasa bakin ciki. Ana buɗe shi kaɗan don ƙwaya ta zauna ba tare da an kankare rufinta ba, sannan a mayar da shi miƙe, shi ke nan. Awon shi ne faɗin ƙwaya da kaurin bango sau biyu. Mutane da yawa suna zaton ɗamewa ce ke riƙe ƙwaya, alhali matsewar da kan inji na farko ya yi wa kwanso ita ce ke riƙewa. Ɗamewa in ta yi yawa sai ta yanke rufin roba, ta matse dalma, tagulla ta ɗan dawo amma dalma ba ta dawowa, riƙon ma ya ragu. Na zare ƙwaya ɗaya na duba: ɗan zobe ne a jikin rufin da ƙyar ake gani, bai kai dalma ba. Na kuma danna wasu da ƙarfi a gefen tebur na sake aunawa, tsawo bai motsa ba.

9 ga Maris

Gari na ɗauki mai saurin ƙonewa, irin ajin N320 na kamfanin Vihtavuori na ƙasar Finland, wanda ya yi suna wajen 'yan gasa. Gari mai sauri da ƙwaya mai nauyi su ne ke ba da shurin nan mai laushi, amma tazarar da ke tsakanin farkon jadawali da ƙarshensa 'yar kaɗan ce, ba ta kai giren ɗaya ba. Nauyin garin da na zuba yana littafin teburina, ba zan sa shi nan ba. An haɗa shi ne da bututuna da ƙwayata da tsawona, kuma wanda ya kwafa ya zuba a nasa ya ɗauki kasadar da ba ta da dalili, tunda kamfanonin gari suna buga jadawalinsu kyauta bayan sun gwada a bututun auna matsi.

Injina mai zagaye ne mai tasha biyar. Duk jan hannu ɗaya, kwanso biyar ake yi wa aiki lokaci guda: wannan ana matse shi ana cire tsohuwar faraima, wannan ana zuba masa gari, wannan ana duba garin, wannan ana zaunar masa da ƙwaya, na ƙarshe ana ɗame shi ya faɗa kwando. Saurin nan shi ne amfaninsa, shi ne kuma haɗarinsa, domin hankali ɗaya ne ke gadin wuri biyar.

Abu biyu ke fasa bindiga a wannan harka. Na farko gari ninki biyu a kwanso ɗaya. Yakan faru ne idan wani abu ya tsaya, mutum ya ɗaga hannun inji rabi ya mayar, kwanso ya sake komawa ƙarƙashin mazubi. Garin da ba ya cika wuri yana kwanciya can ƙasa, ninki biyunsa ma ba ya cika kwanso, ido ba ya kamawa da wuri. Shi ya sa na fi son gari mai cika wuri, wanda ninkinsa zai taso har baki. Na zuba ninki biyu da gangan a kwanso ɗaya marar faraima, na ajiye kusa da na daidai, na daɗe ina kallonsu don idona ya haddace bambancin, sannan na juye.

Na biyu harsashi marar gari. Faraima ita kaɗai tana da ƙarfin tura ƙwaya ta shiga bututu ta tsaya. Mai harbi cikin sauri ya ji bindiga ba ta tashi ba, ya ja marfi, sabon harsashi ya shiga, ya harba a kan wadda ta toshe hanya. Bututu ya kumbura ko ya tsage. A gasa alƙalin fili in ya ji ƙaramar ƙarar nan zai tsayar da kai take. In an duba an sami ƙwaya a bututu, a yadda ka tsaya za a lissafa maka zangon, duk allon da ba ka harba ba ya zama asara.

Ƙa'idojin teburina ke nan: fitila a saitin tashar zaunar da ƙwaya, ba na ɗora ƙwaya sai na ga gari da idona. Tasha ta uku tana da sandar da ke shiga kwanso ta yi ƙara in gari ya gaza ko ya wuce. In inji ya tsaya saboda kowane dalili, sai na kwashe duk kwansayen da ke kai na sake farawa. Gwangwanin gari ɗaya tak a kan tebur, a mazubinsa na asali. Tabarau a ido, musamman lokacin cika bututun faraima, inda guda ɗari suke jere a kan juna. Waya a wani ɗaki.

Na haɗa matakai uku, kowanne ya ɗara na baya da kaɗan, duka a cikin jadawali. Na auna garinsu ɗaya bayan ɗaya a sikeli, bayan na gwada sikelin da dutsen awo.

23 ga Maris

Ranar na'urar auna gudu. Kulob ɗinmu yana da tsohuwar mai idanun haske, wadda ake kafawa wajen mita uku daga bakin bindiga, wani abokin harbi kuma ya zo da sabuwar irin mai rada da ake ajiyewa a gefe. Mun kunna su tare. Ba su yarda da juna ɗari bisa ɗari ba, mai idon haske takan ba da ƙasa kaɗan, kuma da gajimare ya rufe rana sai ta sauya hali. Wannan kaɗai darasi ne, domin ban san wace iri zan tarar a gasa ba.

Matakin farko ya tsaya wajen ƙafa 840, wato 123. Bai haye ba, kuma marfi da ƙyar yake kammala tafiyarsa, kwanso yana faɗowa kusa da ƙafata, gefensa baƙi da hayaƙi saboda matsin bai isa ya buɗe tagullar ta toshe mazauni ba. Na biyu ya ba da kusan 868, wato 127. Daɗi a hannu ba a magana, saiti yana tashi ya dawo inda ya bari. Na uku kusan 895, wato 131. Faraimominsa gefensu a zagaye, ba su baje ba, ko da yake a 9mm ba na dogara da wannan alama, takan zo a makare.

Zuciyata ta karkata ga na biyu. Amma matsakaici ba shi ne duk labarin ba. A jerinsa akwai harsasan da suka sauko kusa da 850, kuma a gasa ba jeri mai tsawo ake harbawa ba. Dokar IPSC ita ce a karɓi harsashi takwas daga wurinka, a lokacin da alƙalai suka ga dama. A zare ƙwayar ɗaya a auna, a harba uku a bindigarka a ɗauki matsakaici. In bai kai ba a ƙara uku, a ɗauki mafi sauri uku cikin shidan. In har yanzu da saura, kai za ka zaɓa a harba na takwas ko a auna ƙwayarsa. Kuma ba a cika lamba: 124.9 ba 125 ba ne. Da harbi uku kacal, sa'a tana da babban rabo, sai dai in tazarar gudun harsasanka ƙarama ce. Matakin na uku ya fi na biyu haɗuwa wuri ɗaya, kamar yadda gari mai sauri ya saba in ya sami matsin da yake so.

30 ga Maris

Gwajin sanyi. Na sa harsasan mataki na biyu da na uku a leda mai zif, na kwantar da su a jakar ƙanƙara, ina fito da su biyar biyar ina harbawa kafin su ɗumama, ba na barin ko ɗaya ya zauna a mazauni mai zafi. Yawancin gari gudunsa na raguwa da sanyi, akwai kuma 'yan kaɗan da ke yin akasin haka, don haka ba a zato, gwadawa ake yi.

Na biyu ya sauko wajen 853. Da ƙwaya mai cikakken 147 wannan 125 ne a kan siraɗi. Sai dai na auna ƙwayoyi daga kwalin, kuma ba duka suka cika ba, akwai masu 146.4. In irin wannan alƙali ya zara, lissafin 124.8 zai ba da, gasar ta tafi. Na uku kuwa ya tsaya wajen 880, ko da ƙwaya mafi sauƙi yana kan 128.

Na tsaya a kan na uku. Na gwada su a makance, abokina yana cika min gidan harsashi ba tare da na san wanne ya sa ba, kuma a harbin sauri ban iya rabe 127 da 131 ba. Agogon ma bai nuna bambanci ba. Na san masu ɗuri da ke kwana suna aske maki ɗaya ko biyu, kuma a ganina wahala ce da ba ta biya. Ga kuma allunan ƙarfe da ake kayarwa da harbi a gasa. An daidaita su ne su faɗi da harsashi mai ƙarfi kusa da 125 in ya same su a da'irar tsakiya. Harbin da ya sauka ƙasa kaɗan da harsashi mai rauni yakan bar ƙarfen a tsaye yana rawa. Kana iya neman a gwada shi, amma in babban alƙali ya harba ya faɗi, an rubuta maka kuskure, an cire maki goma.

13 ga Afrilu

Takarda a mita 25, hannu a kan jakar yashi. Taron harbin ya zauna cikin yankin A da sarari, ramukan zagaye suke tsaf, babu ƙwayar da ta shiga a karkace. Ya ɗan fi harsashin kanti na 124 hawa sama, abin da aka saba gani da ƙwaya mai nauyi marar sauri, domin bakin bindiga ya fara ɗagawa kafin ta fita. Na sauke saitin baya kaɗan. Bututu bayan atisaye mai tsawo babu dalma a tsagarsa, hayaƙi ma kaɗan ne. Sifirin marfi na bar na asali tunda kwanso yana fita da kyau kuma marfi yana kullewa a harsashin ƙarshe ko da hannu ɗaya na harba, har da na hagu.

27 ga Afrilu

Ɗurin gasa, da kwanso mai tambari ɗaya, gari daga gwangwani ɗaya, faraima daga kwali ɗaya. Ina tsayawa a kai a kai in juye garin kwanso ɗaya a sikeli. Mazubin yakan ɗan ƙara nauyi bayan inji ya huta, saboda garin ya zauna, don haka zubin farko bayan kowane hutu mayar da shi nake yi.

Sai tantancewa, wadda ta fi ɗurin kansa cin lokaci. Kowane harsashi sai ya shiga ma'aunin ƙarfe mai ramuka, wanda aka yanka daidai da mafi ƙuncin mazauni. Waɗanda suka ƙi zama galibi masu kumburi ne a gindi, can ƙasa inda kan inji ba ya kaiwa, daga bindigogin da mazauninsu ke da faɗi. Wasu kuma ƙwaya ce ta zauna a karkace ta turo bango gefe ɗaya. Duk suka koma kwandon atisaye. Suna cikin ma'aunin gindi a sama nake shafa yatsa a kan faraimomi. Ya kamata kowace ta nutse ƙasa da gindin kwanso kaɗan. Wadda ta tsaya sama, bugun farko na allura ƙarasa zaunar da ita yake yi maimakon ya tada ta, sai ka ji ƙyas a lokacin da agogo ke gudu. Na sami ɗaya ma da ta shiga a kife. Inji ba ya faɗa maka wannan, yatsa da ido ne kawai.

Kowane akwati na manna masa takarda: kwanan wata, ƙwaya, gari da lambar gwangwaninsa, nauyi, tsawo. Gindin harsasan kuma na ja musu layin alƙalami mai launi don in gane kwansona a ƙasa.

12 ga Mayu

An yi gasar jiya. Da safe akwai sanyi da iska, kuma rukuninmu ne aka fara kira wurin awo, tun rana ba ta ɗumama komai ba. Jami'in ya karɓi harsasan ne daga gidan harsashin da ke ɗamarata bayan na gama zango na farko, ba daga akwati ba, wanda haka ya dace. Ƙwayar da ya zara ta ba da 146.6, harbi ukun suka ba da matsakaicin 889. Ya rubuta 130, na sa hannu.

Wani matashi a rukuninmu ya sha da ƙyar. Ukun farko ba su kai ba, sai da aka ƙara uku sannan ya haye. Ya ce a gida 127 yake samu. Na ga yadda abin ya zauna masa a rai har zango biyu na gaba, harbinsa ya watse, kuma na tausaya masa ƙwarai domin yaron yana da hannu. Mun yi magana bayan an tashi, ya ce zai zo da harsasansa mu gwada su da jakar ƙanƙara.

Nawa harsasan duk sun tashi, babu wanda ya maƙale, ƙarafa sun faɗi har da ɗaya da na harba a ƙasa-ƙasa daga nesa. Makin da na rasa a zangon allo mai lilo da wajen sauya gidan harsashi na rasa su, kuma wannan aikin atisaye ne, ba na tebur ba. Abu ɗaya da ya shafi ɗuri: harsashin da na saka na fitar sau da yawa wajen shiri, da na auna shi da dare ya ragu da kaɗan. Daga yanzu duk wanda ya shiga mazauni ya fito sau biyu zai koma gefe a zare shi.

19 ga Mayu

Gwangwanin gari ya kusa ƙarewa, sabon da na karɓo kuma lambarsa daban ce. Suna ɗaya, kamfani ɗaya, amma gari yakan ɗan bambanta daga wannan dafi zuwa wancan, kuma a tazara ƙarama irin tawa ɗan bambanci ma abin dubawa ne. Ba zan gauraya su ba. Zan sauka ƙasa, in sake haɗa matakai uku da sabon, in kai su na'ura ranar da kulob ya buɗe. Na kuma yi odar kwali ɗaya na ƙwayar 124 mai rufi iri ɗaya, domin ina son in ga abin da agogo zai ce a kan allo mai lilo, kuma ita ma sai an sake mata awon tsawo daga farko tunda kafaɗarta daban ce.